Koko da Ƙosai ko Shayi da Burodi: Gardamar da Ta Wuce Ta Baki

Babu wata al'umma a bayan ƙasa wadda ba ta da tata gardamar a kan abin da ya fi dacewa mutum ya karya kumallo da shi. A Faransa da wasu ƙasashen Turai akwai wata irin gurasar fulawa mai falle-falle wadda akan murza da man shanu a gasa, sa'an nan a tsaga ta a cusa mata yankan naman alade da cuku. Wasu mutanen can ba sa fita aiki sai sun ci ta da gahawa, wasu kuwa suna ganin maiƙonta da gishirinta sun yi wa cikin safe nauyi, gara a ba su mai zaƙi ko wadda ba a cusa wa kome ba. Wannan gardama tasu ce, ba ta iso mu ba, domin naman alade ba abincin Musulmi ba ne, cuku kuma ba mu saba da shi ba, in ban da ɗan busasshen nan da Buzaye kan kawo daga ƙasar Abzin. Amma kada mai karatu ya yi musu dariya, gama mu ma muna da tamu, kuma tamu ta fi tasu tsada.

Duk wanda ya san garuruwan yammacin Jihar Kano, kamar su Ƙaraye da Rogo da Ruwan Bago, ya san yadda safiya take rabuwa gida biyu. A gefe guda ga mai ƙosai ta ɗora kasko, ga tukunyar koko tana tururi, manomi da ɗan dako da almajiri sun kewaye ta kowa da kwanonsa. A ɗaya gefen ga teburin mai shayi, an jera gwangwanayen madara da burodi kamar ginin soro, malamin makaranta da ma'aikacin asibiti da mai babur suna zaune a benci, ana soya musu ƙwai, ana jin labarin duniya a rediyo. Na bakin kasko suna cewa shayi ruwa ne kawai aka yi wa ado, ba ya kai mutum hantsi. Na kan benci suna cewa koko yana kashe jiki, yana sa barci a bakin aiki. Ana yin wannan ja-in-ja cikin raha, amma wanda ya saurara da kyau zai ji cewa akwai wata magana a ƙarƙashinta wadda ba a cika faɗa ba, watau wai ɗaya abincin wayayyu ne, ɗaya kuma na ƙauyawa.

Tun da fari bari in faɗi inda na tsaya. Ba ni da ikon gaya wa kowa abin da zai sa a bakinsa. Hausawa sun ce kowa da kiwon da ya karɓe shi, kuma harshen mutum ba ya bin umurnin gwamna balle na mai rubutu a jarida. Abin da nake ja da shi shi ne raini. Idan mutum ya bar koko saboda cikinsa ba ya so, ya yi daidai. Idan kuwa ya bar shi saboda yana jin kunyar a gan shi da ludayi a hannu alhali yana da takardar digiri, to, wannan ba zaɓin harshe ba ne, wani ciwo ne da aka sa mana, kuma kuɗin maganinsa ƙasar nan duka take biya.

KOWA DA HUJJARSA

Adalci ne a fara da ba mai shayi haƙƙinsa. Burodi bai ci kasuwa a banza ba. Ba ya bukatar wuta, ba ya bukatar kwano, yana kwana biyu ko uku bai lalace ba, ana sa shi a jaka a hau mota da shi. Ma'aikacin da aka yi wa canjin wurin aiki zuwa Rogo ya bar iyalinsa a Kano, ko ɗalibin da ke zaune a ɗakin haya, ba shi da mai yi masa gasara. Teburin mai shayi kuma yana nan tun asuba har tsakar dare, alhali kuwa mai ƙosai da rana ta ɗaga ta kwashe kaskonta. Daɗin daɗawa, teburin nan majalisa ce, a nan ake jin wanda aka ƙara wa girma da wanda aka sauke, da farashin taki, da ranar da albashi zai shigo.

Ga kuma wahalar da ke bayan ƙosai, wadda masu cinsa ba su cika tunawa da ita ba. Sai an jiƙa wake, a surfa shi, a wanke a fitar da dusa, a kai markaɗe, a dawo a buga ƙullun har ya tashi, kana a hura wuta. Koko kuwa sai an jiƙa gero ya kwana, a niƙa da citta da kanumfari da barkono, a tace, a bar gasara ta kwanta ta yi tsami. Matar da ke wannan sana'a takan tashi tun kafin kiran assalatu, ga tsadar itace, ga tsadar man gyaɗa. Saboda haka duk mai cewa mutane sun bar abincin gida don ƙyuya kawai ko don kwaikwayon Turawa, bai faɗi gaskiya duka ba. Sauƙi ne ya fara buɗe wa burodi ƙofa, girman kai ya biyo baya.

Kuma ba laifi ba ne al'umma ta ari abinci. Harshenmu da kansa shaida ne. Kalmar shayi da alkama da gurasa daga Larabci muka samo su, burodi da fanke daga Turanci. Masara da rogo da gyaɗa da tumatir da barkono asalinsu daga nahiyar Amurka suke, yau kuwa wa zai ce ƙuli-ƙuli baƙo ne a ƙasar Kano? Bambancin shi ne waɗannan baƙi da suka zo sun karɓi ƙasarmu, muka shuka su suka fito, har gyaɗa ta zama abin da aka san Kano da shi a duniya a zamanin dalar gyaɗa. Baƙon da ya ƙi zama ɗan gida, wanda kullum sai an aika masa da kuɗin jirgi, shi ne abin dubawa.

TARKON ALKAMA

Alkama ba sabuwa ba ce a ƙasar Hausa. Kakanninmu sun noma ta ɗaruruwan shekaru a fadamu da rani, suna ba ta ruwa da jigo, amma kaɗan-kaɗan, kuma abincin alfarma ce: alkaki da funkaso da taliya da gurasa, na biki da Salla da gidajen sarauta da na attajirai. Dalilin ƙarancinta a fili yake. Alkama tsiron ƙasar sanyi ce, a wurinmu ba ta yi sai a 'yan watannin hunturu, daga wajen Nuwamba zuwa Maris, lokacin da babu ruwan sama, saboda haka dole sai da ban-ruwa. In an makara wajen shuka, zafin bazara ya riske ta tana fitar da kai, amfanin ya ragu.

Abin da ya juya al'amarin shi ne injin niƙa na bakin teku. An kafa kamfanin Flour Mills of Nigeria a 1960, injinsa na Apapa ya fara aiki a 1962, yana niƙa alkamar da jiragen ruwa ke kawowa, galibi daga Amurka. A shekarun 1970 aka kafa irinsa a Bompai cikin Kano. A daidai wannan lokaci kuɗin man fetur ya shigo, aka yi ƙarin albashin Udoji wanda ma'aikata suka karɓa a 1975, birane suka cika, Naira tana da ƙarfi har ta fi dalar Amurka daraja. Alkamar waje ta zama da araha ƙwarai, gidajen burodi suka bazu har ƙauyuka. Kafin tsakiyar shekarun 1980 abin da ake shigowa da shi a shekara ya haura tan miliyan 1. Makarantun kwana da barikin soja da asibitoci su ma sun taimaka, domin a nan ne yara da yawa suka koyi cewa kalacin mai ilmi shi ne shayi da burodi.

Gwamnatoci ba su zauna ba. Gwamna Audu Bako ya gina madatsar ruwa ta Tiga, aka gama ta a 1974, aka buɗe filayen ban-ruwa na Kadawa. Aka yi Bakolori a tsohuwar Jihar Sakkwato, aka yi babban aikin ban-ruwa na kudancin Tafkin Chadi, kuma a cikin manufofin waɗannan ayyuka har da wadata ƙasa da alkama. An kashe dukiya mai yawa, amma abin da aka girbe bai taɓa kusantar abin da ake ci ba. Wasu masana biyu 'yan ƙasar Suwidin, Gunilla Andrae da Bjorn Beckman, sun yi nazarin wannan hali suka fitar da littafi a 1985, suka kira abin tarkon alkama. Ma'anar sunan a sarari take: an koya wa jama'a cin abin da ƙasarsu ba za ta iya nomawa da araha ba, sa'an nan aka shiga kashe kuɗi a kan noman da ba zai cike gurbin ba.

Shekaru 40 bayan haka ba mu fita daga tarkon ba. A 'yan shekarun nan Nijeriya takan sayo tsakanin tan miliyan 4 da miliyan 6 na alkama kowace shekara, daga Amurka da Kanada da Rasha da ƙasashen Turai. Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi a kan noman 2021 ya nuna abin da aka girbe a ƙasar duka bai kai tan 40,000 ba, ko da yake Jihar Kano ce ta zo kan gaba. An ƙara himma tun daga ranin 2023, musamman a Jihar Jigawa, kuma abin a yaba ne, amma tazarar tana da faɗi. Ga madarar gari da ake zubawa a shayin, mafi yawanta daga waje take, a ƙasar da Fulani ke yawo da nono a ka suna neman mai saye. Sukarin ma akasarinsa ɗanye ake kawo shi daga Barazil a tace a nan, alhali kuwa rake da mazarƙwaila suna nan a ƙasar Rogo da maƙwabciyarta Maƙarfi.

To, mai karatu ya duba abin da wannan yake nufi ga aljihunsa. Da yaƙi ya ɓarke tsakanin Rasha da Yukiren a Fabrairun 2022, farashin alkama ya yi tsalle a kasuwannin duniya, mai shayin Ruwan Bago wanda bai san inda Bahar Aswad yake ba ya ga burodinsa ya ƙanƙance kuɗinsa ya ƙaru. Da aka saki Naira a Yunin 2023, dalar da gwamnati ke sayarwa a wajen Naira 460 ta wuce Naira 1,500 a farkon 2024, buhun fulawa ya bi ta. Gaskiya ne gero da wake su ma sun yi tsada a wannan lokaci, babu mai musun haka. Amma akwai bambanci. Kuɗin da aka ƙara wa kwanon wake yana tsayawa a hannun manomi da ɗan kasuwar Dawanau da mai injin markaɗe, ya dawo ya zaga gari. Kuɗin da aka ƙara wa buhun fulawa, kaso mafi tsoka nasa yana hawa jirgin ruwa ya tafi. Guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni.

DOKA BA TA SAUYA HARSHE

Wani zai ce, to, ai sai a hana shigo da alkamar a huta. An gwada. Gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta haramta shigo da ita daga Janairun 1987, a ƙarƙashin shirin gyaran tattalin arziki. Me ya faru? Burodi ya yi tsada, gidajen burodi da dama suka rufe, injinan niƙa suka koma aiki da rabin ƙarfi ko ƙasa da haka, fulawa kuma ta ci gaba da shigowa ta ɓarauniyar hanya daga maƙwabta. Noman gida ya ɗan ƙaru, amma bai cike gurbi ba. A 1992 aka janye haramcin, jama'a suka koma wa burodinsu kamar ba a taɓa raba su ba. Haka nan umurnin da gwamnatin Obasanjo ta bayar a 2005 cewa a riƙa gauraya kashi 10 cikin 100 na garin rogo a fulawa, da yunƙurin da aka sake yi a zamanin Shugaba Jonathan, duk ba su kama ƙasa yadda aka so ba.

Darasin da ke nan babba ne. Abin da mutum ya saba ci tun yana yaro ba a cire masa shi da sanarwar rediyo. Abubuwa ne na yau da kullum suke sauya shi: araha, da sauƙin samu, da tsabta, da kuma ganin wanda ake girmamawa yana ci. Wannan na ƙarshe shi ne ya sa na nufi ma'aikata da ɗalibai da maganar nan. A gari irin Ruwan Bago, abin da hedimasta da malamin asibiti da malamin gona suke yi shi ne abin da yara ke ɗauka ci gaba. In sun ga malam ba ya kusantar mai ƙosai sai a ɓoye, sun koyi darasin da ba a rubuta a allo ba.

Ga kuma batun lafiyar jiki, wanda ɗalibanmu na kimiyya suka fi kowa sani. Wake yana da sinadarin gina jiki wajen kashi 1 cikin 4 na nauyinsa, watau ninki biyu na abin da ke cikin farar fulawa. Bugu da ƙari, abin da hatsi ya rasa na wannan sinadari wake yana da shi, abin da wake ya gaza a kai hatsi yana cikewa. Saboda haka tsohuwar da ta fara haɗa koko da ƙosai ta yi abin da masana abinci suke koyarwa a jami'a, ba tare da ta taɓa shiga aji ba. Farin burodi kuwa an cire masa dusa, yana narkewa da sauri, in aka bi shi da shayi mai cokali 4 na sukari sai ƙarfi ya zo a guje ya tafi a guje. Gaskiya ne doka ta wajabta ƙara wa fulawa wasu sinadarai masu amfani tun 2002, kuma wanda ya haɗa da ƙwai ya sami abin gina jiki. Amma mutum nawa ne ke iya sayen ƙwai biyu kowace safiya da albashin yau?

LAIFIN NAMU

Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Idan muna son abincin gida ya riƙe matsayinsa, dole mu faɗi aibinsa. Akwai mai ƙosan da ke maimaita mai ɗaya har ya yi baƙi. Akwai mai naɗe shi a tsohuwar jarida ko takardar buhun siminti. Akwai zuba koko mai zafi a farar leda, da kasko a bakin kwata, da ruwan da ba a san rijiyarsa ba. Akwai kuma 'yan kasuwar da ke zuba wa wake maganin ƙwari fiye da kima don ya daɗe a rumbu, abin da ya sa Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen waken Nijeriya ƙasashenta a 2015. Wannan abin kunya ne ga ƙasar da ta fi kowace ƙasa a duniya noman wake, musamman da yake akwai buhun nan mai ruɓi uku wanda ke kashe ƙwari ta hanyar toshe iska, ba tare da ɗigon magani ba. Ɓangaren burodi ma ba a wanke yake ba, shi ya sa hukumar NAFDAC ta sha kama masu sa masa haramtaccen sinadarin kumburi. Amma laifin wani ba ya wanke namu.

Aibi mafi girma shi ne talla. Koko da ƙosai da waina suna fitowa ne daga cikin gidaje, kuma a kan 'yan mata ƙanana suke isa kasuwa, a daidai lokacin da ake buga ƙararrawar shiga aji. Ba zai yiwu in roƙi malamin makaranta ya sayi koko ba, in kuwa yarinyar da ya kamata ta kasance a gabansa da littafi ita ce ke ɗauke da tukunyar. Duk wani shiri na ɗaukaka abincin gida wanda bai sauke tukunyar nan daga kan yarinya ba, ya gyara gefe ya ɓata gefe.

Amma kafin mu yanke ƙauna, mu duba yadda wasu suka riƙe abin da muke rainawa. A Ghana, daga Akara zuwa Kumasi, kalacin da ya fi farin jini a bakin titi sunansa kokon Hausa, ana shan sa da ƙosai, kuma da sunanmu ake kiransa har a bakin wanda bai iya ko sannu ba. Fatakenmu na goro da mazauna zango ne suka kai shi. Yau ma'aikacin banki a Akara yana tsayawa da motarsa ya saya ba tare da jin ya zubar da girma ba, har ana sayar da garinsa a fakiti a manyan kantuna. A Jihar Bahiya ta ƙasar Barazil kuma, ƙosan da bayin da aka kwasa daga Afirka ta Yamma suka tafi da shi ya zama abin alfahari, har gwamnatin ƙasar ta sa sana'ar matan da ke soya shi cikin jerin kayan gadon ƙasa. Abin da ya ƙetare teku ya sami daraja, a gidansu ne kaɗai ake ce masa na ƙauye.

ABIN DA ZA A IYA YI

Na farko, ofisoshin gwamnati su fara da kansu. Babu taron ƙara wa juna sani ko zaman kwamiti da ake yi a sakatariyar ƙaramar hukuma ko a ma'aikatun Kano ba tare da hutun shan shayi ba, kuma abin da ake rabawa kusan kullum ɗaya ne: kek da biskit da ɗan burodin nan mai cushen nama, da lemon kwalba. Kuɗin jama'a ne ake kashewa. Me zai hana a ba ƙungiyoyin matan gari kwangilar ƙosai da waina da alale da kunun gyaɗa da zoɓo? Ba a bukatar dokar majalisa kafin a yi wannan, takardar umurni ɗaya daga babban sakatare ta isa. Ran da aka ga shugaban ƙaramar hukuma yana shan kunu a gaban baƙi daga birni, rainin ya fara mutuwa.

Na biyu, makarantun kwana da duk wani shirin ciyar da 'yan firamare, irin wanda Gwamnatin Tarayya ta ƙaddamar a 2016, su riƙa sayen gero da dawa da wake da gyaɗa daga manoman yankin da makarantar take, su kuma dafa su da kyau. Yaron da aka shayar da tsararon koko mara sukari shekara 6 a makaranta zai fita yana ƙinsa har abada. Ba kokon ya ƙi ba, wanda aka ba shi ne ya ƙi.

Na uku, ƙananan hukumomin Rogo da Ƙaraye su dawo da aikin duba-gari yadda aka san shi, amma da niyyar gyara, ba ta karɓar na goro ba. A yi wa masu ƙosai rumfuna masu tsabta kusa da tasha da asibiti da sakatariya, da famfo a kusa, inda babbar mace za ta zauna ta sayar da kanta, yarinya ta tafi makaranta. Ga madatsar ruwa ta Challawa a ƙasar Ƙaraye tun 1992, wadda za ta iya ba da waken rani da kayan lambu fiye da yadda ake samu yanzu, in an gyara hanyoyin ban-ruwa.

Na huɗu, wannan naku ne, ɗalibai. Tun da sauƙi ne ya ba burodi nasara, da sauƙi za a yi takara da shi. Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru a Zariya ta daɗe tana fitar da ingantattun irin wake da dawa. Abin da ya rage shi ne masu mayar da su abin da gwauro zai iya haɗawa cikin minti 5: garin ƙosai da aka surfe aka niƙa, busasshiyar gasara a fakiti mai tsabta, garin kunun gyaɗa da na tsamiya. Wasu sun fara, amma kasuwar tana da faɗi. Mai karatun kimiyyar abinci a Jami'ar Bayero ko a Wudil da ke jiran takardar ɗaukar aiki, ga aiki nan yana jiransa a rumbun mahaifinsa. Shi ma mai shayi ba abokin gaba ba ne. Yana da wuta, yana da ruwan zafi, yana da benci da jama'a. Ran da ya sa tulun koko kusa da butar shayinsa, gardamar ta zama ta zaɓi tsakanin kofi biyu a tebur ɗaya.

Alkamar da muke nomawa kuwa a ci gaba da noma ta, a kyautata iri, a biya manomi farashin kirki. Tana da wurinta a gurasa da alkaki da funkaso, kamar yadda take da shi tun zamanin kakanni. Abin da hankali ba zai ɗauka ba shi ne ƙasa mai mutane fiye da miliyan 200 ta jingina karin kumallonta a kan tsiron da ba ya yi sai wata 4 a shekara, ta bar waɗanda ke fitowa da ruwan sama a bayan kowane gida.

Jama'a, mai son shayi ya sha shayinsa, Allah Ya sa masa albarka a ciki. Amma ya sha shi da sanin inda kuɗinsa ke tafiya, kuma kada ya ɗaga hanci in ya wuce mai kasko. Ma'aikacin da ya karya da koko da ƙosai ko ɗumame kwana 3 a mako bai rage kome daga ilminsa ba, ya dai bar wani abu a hannun manomin da ke biyan harajin da ake ba shi albashi da shi. Kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Allah Ya ba mu damina mai albarka, Ya kuma ba mu basirar sanin darajar abin da ke hannunmu. Amin.